Hoton MRI ya fito lafiya, farfaɗiya ba ta tsaya ba: me MRI mai awo zai ƙara?

Tambaya: Likita, ɗana yana da shekara 13. Tun yana ɗan shekara biyar yake farfaɗiya, kuma kusan kullum cikin barci take taso masa. Sai ya zabura, hannun dama ya sanƙare, ya yi ta shure-shure, kafin minti ɗaya ya dawo hayyacinsa. Wani daren har sau shida. Ya sha Tegretol, an ƙara masa Keppra, ba ta tsaya ba. Sau biyu muna yin MRI ana cewa ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. Yanzu wani likita ya ce akwai sabon MRI da kwamfuta ke auna ƙwaƙwalwa da lissafi, har ya gano abin da ido bai gani ba. Gaskiya ne? Ya cancanci in sayar da filina mu fita waje dominsa?

Amsa: Malam, Allah Ya ba yaron lafiya, Ya saka muku da alheri kan wannan ɗawainiya ta shekara takwas. Abin da likitan ya gaya maka gaskiya ne, akwai shi, kuma wani ɓangarensa na cikin aikina na karanta hotunan ƙwaƙwalwa. Sai dai kada ka kira dillalin fili tukuna. Mafi yawan abin da ake kira MRI mai awo ba wata na'ura ce daban da za a kwantar da yaro a ciki ba. Lissafi ne da ake yi a kan hoton da aka riga aka ɗauka, muddin an ɗauke shi yadda ya kamata. A nan gizo ke saƙar.

Bari in fara da takardar da aka ba ku. Idan likitan hoto ya rubuta cewa ƙwaƙwalwa lafiya lau, abin da yake nufi shi ne bai ga komai a hoton da ke gabansa ba. Tsakanin "ban gani ba" da "babu" akwai tafiya mai nisa. Na san abin da ke biyo bayan irin wannan takarda a gida, dangi su ce to ai ga shi nan, asibiti ma ta ce ba ciwonta ba ne, iska ce. Ba haka ba ne. A 2002 likitoci a birnin Bon na Jamus sun bi bayan marasa lafiyar da aka yi wa tiyatar farfaɗiya, wato waɗanda daga baya aka tabbatar da abin da ke ƙwaƙwalwarsu. Hoton MRI na gama-gari a hannun likitan hoto wanda farfaɗiya ba fanninsa ba ce ya gano matsalar a kashi 39 cikin ɗari kawai. Da aka miƙa wannan hoton dai ga gwani, sai ya kai kashi 50. Da aka sake ɗaukar hoton da tsarin da aka keɓe wa farfaɗiya, gwani ya karanta, sai ya kai kashi 91. Lura, duk wannan babu wata kwamfuta mai lissafi a ciki. Yadda aka ɗauki hoton ne da wanda ya karanta.

Me muke nema ne ma har yake da wuyar gani haka? Ƙari babba ko tabon shanyewar ɓarin jiki ba sa ɓuya, ɗalibi ma zai nuna maka su. Masu ɓuyar biyu ne. Na farko yana can cikin sashen ƙwaƙwalwa da ke daidai saitin kunne, inda akwai wata 'yar tsoka mai lanƙwasa da ba ta wuce tsawon ɗan ƙaramin yatsa ba, ɗaya a dama ɗaya a hagu, sunanta hifokamfus. Ita ce ke ɗaure sabon abin da mutum ya gani ko ya ji ya zama abin tunawa. Takan motse ta yi tabo, ta koma matattarar farfaɗiya. Na biyu shi ne tawayar ɓawon ƙwaƙwalwa, wanda a takardun asibiti za ka ga an rubuta FCD. A 2017 an buga sakamakon binciken naman ƙwaƙwalwa na mutum 9,523 da aka yi wa tiyatar farfaɗiya a Turai. Motsewar hifokamfus ce ta fi yawa, sama da kashi 36 cikin ɗari, sai ƙari kusan kashi 24, sai tawayar ɓawo da danginta kusan kashi 20. A yara kuwa tawayar ɓawon ce kan gaba.

Ita nake so ka fahimta sosai. Saman ƙwaƙwalwa kamar gonar da aka yi wa huɗa yake, kunya da kwari, kunya da kwari. An lulluɓe shi da wani ɓawo mai launin toka wanda kaurinsa bai fi milimita biyu zuwa huɗu ba, a nan ƙwayoyin da ke aikin tunani da motsi suke. Ƙarƙashinsa farin nama ne, wato wayoyin da ke kai saƙo. A lafiyayyar ƙwaƙwalwa iyakar toka da fari a fili take, kamar an ja layi da biro. Lokacin da jariri ke ciki, waɗannan ƙwayoyi daga tsakiyar ƙwaƙwalwa suke tasowa su yi ƙaura zuwa ɓawo su jeru sahu-sahu. Wani lokaci a wani ɗan wuri, wanda bai fi ƙwayar gyaɗa ba, jerin yakan hargitse, ƙwayoyin su yi girman da ya wuce kima, wasu su kumbura kamar balan-balan. David Taylor da abokan aikinsa a Ingila ne suka fara bayyana shi a 1971 daga marasa lafiya goma. Mafi yawanci ba gado ba ne, kuma ba wani abin da mahaifiyar yaro ta ci ko ta yi ba ne, ina faɗar wannan ne don na sha ganin an ɗora wa uwa laifi. A hoto, alamarsa ita ce ɓawon ya ɗan yi kauri, layin nan na tsakanin toka da fari ya dushe kamar tawadar da ruwa ya taɓa, wani lokaci kuma a ga wata siririyar jela mai haske ta miƙa zuwa tsakiyar ƙwaƙwalwa. Kuma ya fi son zama a can gindin kwari, inda ido ya fi raina.

Ban ga yaronka ba, ba kuma zan sa wa ciwonsa suna daga wasiƙa ba. Amma farfaɗiyar da ta fara tun yarinta, take zuwa cikin barci, gajeriya, sau da yawa a dare ɗaya, kullum da salo iri ɗaya, ta kuma ƙi jin magani biyu, irin wadda ke sa mu zargi sashen gaba na ƙwaƙwalwa ce. Tunda hannun dama ke sanƙarewa, ni ɓangaren hagu zan fara tsananta wa bincike, domin kowane ɓari na ƙwaƙwalwa ɗaya ɓarin jikin yake juyawa.

Dalilin duk wannan naci shi ne tiyata. Kusan mutum biyu cikin uku masu farfaɗiya magani na riƙe su. Wanda ya sha magunguna biyu da suka dace da irin ciwonsa, a kan ƙa'ida, ciwon bai tsaya ba, ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya, ILAE, ta ce a lissafa shi cikin masu ciwon da ya bijire wa magani, kuma damar magani na uku ko na huɗu ya tsayar da shi ƙarama ce. A 2001 a Kanada an raba marasa lafiya 80 gida biyu, rabi tiyata rabi magani. Bayan shekara guda kashi 58 na waɗanda aka tura tiyata sun rabu da ciwon da ke gusar da hankali, na magani kuwa kashi 8. A 2017 an yi makamancin wannan kan yara 116 a Delhi ta Indiya, aka samu kashi 77 da kashi 7. Amma likitan tiyata ba ya yanka a duhu. Da aka tattara bincike da dama a 2010, an ga cewa wanda aka gano tabonsa ya fi wanda ba a gano ba damar rabuwa da ciwon da kusan ninki biyu da rabi. Shi ya sa muke bin ɗigon da bai kai gyaɗa ba kamar mai neman allura a rairayi.

Yanzu ga awon kansa. Na'urar MRI ƙaton maganaɗisu ce, ana auna ƙarfinta da tesla. Mai tesla 1.5 ta ninka maganaɗisun duniya kusan sau dubu talatin. Jikin mutum cike yake da ruwa, kuma ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwan sukan jeru idan suka shiga wannan maganaɗisu. Sai na'urar ta buge su da igiyar rediyo, ta kasa kunne ta ji amon da za su mayar. Ka tuna yadda mata ke sayen tukunya a kasuwa, a ɗaga ta a ƙwanƙwasa da yatsa. Mai lafiya amonta kan daɗe yana ƙara, mai tsaga sai ka ji ƙwap, ya mutu nan take. Haka naman jiki yake. Lokacin da amon ke ɗauka kafin ya mutu shi muke kira T2, lokacin da ƙwayoyin ke ɗauka su koma sahunsu kuma T1. Kowane irin nama da nasa. A na'ura mai tesla 3, T1 na farin nama bai kai sakan ɗaya ba, na toka ya doshi sakan ɗaya da rabi, na ruwan ƙwaƙwalwa kusan sakan huɗu.

MRI na yau da kullum ba ya ba ka waɗannan lambobi. Yakan mayar da su haske da duhu ne kawai, nan ya fi can haske, kuma hasken ba shi da ma'auni, yana sauyawa daga na'ura zuwa na'ura, har ma daga safe zuwa yamma. Kamar uwa ce ta ɗora bayan hannu a goshin yaro ta ce jikinsa da zafi. Sau da yawa ta yi daidai. Amma ma'aunin zafi shi zai ce 38.4, ya kuma ce jiya 37.9 ne. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma da wannan kimar muka daɗe muna cin abinci. MRI mai awo shi ne kawo mudun.

Inda ya fara amfani, kuma har yau a ganina inda ya fi tabbas, shi ne hifokamfus. Tun 1990 likitoci a asibitin Mayo na Amurka suka fara zagaye ta yanka bayan yanka suna lissafa girmanta, a 1993 kuma wasu a Landan suka auna T2 ɗinta. Sun samu na mai lafiya yana wajen milisakan 100, wato kashi ɗaya cikin goma na sakan, na mai tabo kuwa yakan haura 116. Da hannu ake yi a da, aikin da ke cin sa'o'i, yanzu manhaja ke yi. Amfaninsa babba yana nan. Mai karanta hoto da ido dama yake gwadawa da hagu, in ɗaya ta fi ƙanƙanta ya ce ga mai ciwon. To idan duka biyun sun motse fa? Kamar ɗan kasuwar da ya bubbuge gindin mudunsa biyu ne, ka jera su ka ga sun yi daidai, alhali duka algus ne, sai ka kawo mudun gaskiya kafin asiri ya tonu. Awo ba ya gwada dama da hagu kaɗai, yana gwada kowacce da na lafiyayyun mutane masu shekaru da girman kai irin na mara lafiyar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 1953 a Amurka an cire wa wani saurayi mai suna Henry Molaison wannan sashe ta ɓangarori biyu saboda farfaɗiya. Ciwon ya ragu, amma har ya mutu a 2008 bai ƙara riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwarsa ba, a gaisa da shi yanzu, an jima ya manta an taɓa haɗuwa. Tun daga nan babu likitan da ke cire ɗaya bai tabbatar ɗayar za ta ɗauki nauyin ba.

Ga ɗanka kuwa, wanda ya fi shafarsa shi ne awon ɓawo. Ana ɗaukar hoton T1 mai yanka milimita ɗaya ta kowace fuska, kwamfuta ta daidaita shi da wata ƙwaƙwalwa ta misali, sannan ta bi shi ɗigo-ɗigo tana tambaya: a nan wurin, kaurin ɓawon ya yi daidai da na lafiyayyu? Layin toka da fari a fili yake ko ya dushe? Tokar ta nutsa cikin fari fiye da yadda aka saba? Duk inda ya kauce da yawa sai ta haska shi. Wanda ya fi yaɗuwa a cibiyoyin tiyata shi ne MAP, na wani likita Bajamushe, Hans-Jürgen Huppertz, wanda ya fito da shi wajen 2005. A 2015 asibitin Kilibland na Amurka ya gwada shi a kan mutum 150 da aka yi wa tiyata bayan an ce hotonsu lafiya lau. Ya nuna wuri a kashi 43 cikin ɗari, kuma waɗanda wuƙa ta kwashe wurin da ya nuna gaba ɗaya su suka fi samun sauƙi.

Bari in ba ka labarin kaina, don kada ka ɗauka wasu ne kaɗai ke kuskure. Lokacin ina horo a wata cibiya, an kawo hoton wata yarinya 'yar kimanin shekara tara, hoto mai kyau, na tesla 3. Na zauna na bi shi daga goshi zuwa ƙeya sau biyu, na rubuta ban ga komai ba. Bayan kwana biyu taswirar awo ta fito. Baƙa ce wuluk in ban da wani ɗan farin ɗigo a gindin wani kwari na sashen gaba. Na koma kan hotona na asali a daidai wurin, na juya shi ta gefe, na rage hasken allon. Ga shi nan. Layin ya dushe a faɗin da bai kai farcen ɗan yatsa ba, ga jelar nan siririya kamar zaren gizo-gizo ta yi ƙasa. Da ma yana nan tun ranar farko, idona ya bi ta kansa sau biyu. Malamina bai ce mini komai ba, ya dai ce in sake rubuta rahoton. A wannan makon kuma taswirar wani yaro ta haska wurare uku, muka bi su ɗaya bayan ɗaya, biyu jijiyoyin jini ne na ƙa'ida, ɗaya inuwa ce saboda ya motsa kansa a cikin na'ura. Da an bi kwamfutar ido rufe da an yi ɓarna.

Wannan shi ne halin abin har gobe, ko da ƙirƙirarriyar basira ta shigo ciki. Fitaccen aiki a wannan fage shi ne MELD, wanda masu bincike a Landan ke jagoranta. Sun tattara hotunan mutum 1,015 daga cibiyoyi 22 na duniya suka koya wa kwamfuta kamannin tawayar ɓawo. A rahotonsu na 2022 ta gano kashi 59 cikin ɗari na tabon, ta kai 85 a nau'in da ya fi bayyana idan hotunan sun cika. Amma a cikin lafiyayyun da aka gwada ta da su, kusan rabi ta nuna musu wani wuri da ba komai ba ne. Sabon samfurin da suka fitar a 2025 ya rage wannan ƙarya, ya kuma gano kashi 64 cikin ɗari na tabon da likitocin hoto suka tsallake a baya. Ci gaba ne na gaske, kuma kyauta suka saki manhajar ga masu bincike. Duk da haka ni a matsayin ɗan rakiya mai kaifin ido na ɗauke ta, wanda zai taɓa ka ya ce duba can. Hukunci sai an koma kan hoton asali ido ya gani, sannan wurin ya dace da yadda ciwon ke tasowa da abin da gwajin wutar ƙwaƙwalwa na EEG ya nuna. In ukun nan ba su haɗu ba, ɗigo ne kawai.

Akwai wasu hanyoyin da za ka iya jin sunansu. Ɗaya ana kiranta zanen yatsa, an ƙirƙiro ta a jami'ar Case Western da ke Kilibland a 2013. Na'ura na ta sauya salon bugunta ɗaruruwan sau, kowane nama ya mayar da amo mai salon kansa, sai a nemi mai kama da shi a cikin rumbun da aka tanada, kamar yadda banki ke gane ka da ɗan yatsanka. A zama ɗaya a samu taswirar T1 da T2 tare. Akwai masu auna yadda ruwa ke kai-komo a tsakanin wayoyin ƙwaƙwalwa, da masu auna gudun jini ba tare da allura ba, da masu auna ƙarfe da alli, waɗanda ke da amfani wajen gano ƙullin jijiyoyin jini da tsohon gurbin tsutsa. Sai na'ura mai tesla 7, wadda Amurka ta amince a yi aikin asibiti da ita a 2017. Tana nuna ɓawo da kyau ƙwarai, amma kaɗan ce a duniya, kuma hotonta kan lalace a ƙasan ƙwaƙwalwa kusa da kunne. Mafi yawan waɗannan har yanzu a hannun masu bincike suke, ba zan ce ka sayar da ko akuya dominsu ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu nan gida wanda masu tallar waɗannan manhajoji ba sa faɗa. Awo gwadawa ne da lafiyayyu, kuma lafiyayyun da aka tara hotunansu mafi yawa daga Turai da Amurka suke, a kan na'urorin can. Lambar da wata na'ura ta ba da ba lallai ta yi daidai da ta wata ba, sai an daidaita su. Sannan ƙwaƙwalwar yaranmu takan zo da tarihinta: wahalar haihuwa, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya haura ƙwaƙwalwa, faɗuwa daga babur, ga sikila da ke barin ƙananan tabo ba tare da kowa ya sani ba. Kwamfutar da aka koya wa neman tawayar ɓawo takan rikice idan ta ci karo da waɗannan. Ga batun na'urar kanta. Wani ƙidaya da aka buga a 2018 ya samu na'urorin MRI 84 a duk Yammacin Afirka, 58 a Nijeriya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na na Nijeriyar masu ƙaramin ƙarfi ne. An samu ƙarin masu tesla 1.5 tun daga lokacin, amma ka duba takardunku ka ga wace iri aka yi wa yaron da ita. Idan mai tesla 0.2 ko 0.35 ce, ko kuma an yi yanka mai kaurin milimita biyar da tazara a tsakani, yadda ake yi wa mai ciwon kai, to a wurina ba a yi masa MRI na farfaɗiya ba tukuna. Gyaɗa na iya faɗawa tsakanin yanka biyu. Kuma babu manhajar da za ta fito da abin da hoto bai ɗauka ba.

Don haka ga yadda zan bi da shi da ɗana ne. Kafin komai a koma wurin likitan ƙwaƙwalwa na yara a tabbatar da irin farfaɗiyar. Akwai nau'in da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa gaba ɗaya lokaci guda, wanda babu tabon da za a nema, ko da tesla nawa aka ɗauka, kuma Tegretol ma yakan ƙara tsananta wasu daga cikinsu. A duba ko yawan maganin ya tafi daidai da nauyin yaron, domin wanda aka rubuta masa yana ɗan shekara takwas ba zai riƙe ɗan sha uku ba, a kuma tabbatar daga inda ake sayensa, jabu ya yi yawa. Ku ɗauki ciwon a waya, tun daga farawarsa in da hali, da fitila a kunne, bargo a yaye, fuska da hannaye biyu a cikin hoton. Sakan goman farko sun fi mana sauran duka daraja. A yi EEG yana barci, ba a farke kaɗai ba. Kuma duk abin da ake ciki kada a tsayar da magani kwatsam.

Sannan a sake MRI a na'ura mai tesla 3 in an samu, in ba a samu ba 1.5 mai kyau ta isa a fara. Ka roƙi likitansa ya rubuta a takardar cewa a bi tsarin HARNESS, wanda ILAE ta fitar a 2019. Hotuna uku ne jigonsa: T1 da FLAIR (wato hoton da ake dushe ruwan ƙwaƙwalwa a cikinsa don tabo ya fito) masu yanka milimita ɗaya ta kowace fuska, da T2 mai kaifi da aka yanka a gicciye da hifokamfus. Ba ya buƙatar wata na'ura ta musamman, saiti ne kawai da ƙarin lokaci, kuma galibi ba a buƙatar allurar rini sai an ga abin da ya yi kama da ƙari. Babu tururin da ke cutarwa irin na hoton ƙashi. Babban abokin gaba shi ne motsi, don haka a shirya yaron tun a gida, a gaya masa zai ji ƙara kamar injin niƙa na wajen rabin sa'a ko fiye, in ba zai iya kwanciya shiru ba a tattauna batun maganin barci. A takardar kuma kada a rubuta "farfaɗiya" kawai a tsaya. A rubuta yadda take tasowa, hannun da ke sanƙarewa, da abin da EEG ya nuna. Na fi gano abu nesa ba kusa ba idan an ce mini duba gaban hagu fiye da in an miƙo mini ƙwaƙwalwa gaba ɗaya an ce nemo.

Idan an gama, kada ka baro wurin da baƙin fim ɗin nan da ake ɗagawa a fitila kaɗai. Shi 'yan hotuna kaɗan aka zaɓa aka buga, daga cikin ɗaruruwa. Ka ce a zuba maka duka a faifai ko filashi a tsarin DICOM, ka buɗe a kwamfuta ka tabbatar ya shiga kafin ka tafi, ka kuma yi kwafi biyu. Hoton da aka ɗauka da waya daga allo ba ya awuwa. Wannan faifan shi ne zai yi tafiyar, ba yaron ba. Ana iya tura shi ta intanet zuwa cibiyar da ke tiyatar farfaɗiya, gwaninsu ya karanta, su sa shi a MAP ko MELD, kana zaune a gida. Idan suka ga abu, kuma ya dace da bidiyon da EEG, a lokacin ne maganar tafiya da kuɗinta ke da ma'ana, kuma za ka tafi da sanin abin da za a yi. Idan ba su gani ba, ƙofa ba ta rufe ba. Akwai hoton PET da ke nuna inda ƙwaƙwalwa ba ta cin sukari yadda ya kamata, wanda idan aka ɗora shi kan MRI yakan tona tawayar da ta ɓuya, akwai kuma siraran wayoyi da ake sakawa cikin ƙwaƙwalwa a saurari inda ciwon ke tasowa. Waɗannan suna da tsada, kuma cibiyar ce za ta faɗa ko yaron na cikin waɗanda za su amfana bayan ta ga faifan.

Tsofaffin hotunan nan biyu ma kada ka yar da su. Haɗa su cikin abin da za ka tura, da kwanan watan kowanne da sunan na'urar in yana jiki. Allah Ya sa a dace, ka gaida mai jikin da mahaifiyarsa.